Randar Auta

Sai ranar da Baba ya rasu na san Magama na da direbobi haka. Kafin azahar manyan motoci sun jeru tun daga shingen kwastan har ƙofar gidanmu, wasu ɗauke da wake, wasu da shanu, wasu ba komai. Mu mata muna cikin gida muna jin isowarsu. Mota za ta tsaya, ta yi ta gurnani a hankali na ɗan lokaci, sannan a kashe ta. Inna tana zaune a tabarma da carbi, sai ta ɗago ta ce, "Ku ji su. Ko yau ba wanda ya kashe mota da zafinta." Nan ne kuka ya ƙwace mata, mu ma muka taya ta.

Wani direban tirela, ƙato, baƙi, wanda na sha ganin yana zagin mutane a layin shinge, shi ne ya tsuguna a zaure yana sharɓar hawaye har sai da maza suka fitar da shi. Wata tsohuwa daga Riko ta shigo tana cewa ita ba ta san mamacin ba, amma ɗanta ya ce in ba ta zo ba ba zai ji daɗi ba. Masu facin taya sun rufe, masu shayi sun kife kofuna. Kowa da abin da yake faɗa, amma magana ɗaya ta fi yawo a bakin maza: yanzu wa zai ba mu ruwa?

Can sai aminin Baba, wani tsohon direba mutumin Maraɗi, ya yi sallama a bakin ƙofar tsakar gida ya kira ni. Ni ce babbar 'yar Baba, kuma teburin shinkafa da wakena yana jikin rumfarsa, don haka duk sun san ni. Ya ce, "Ɗiyata, Allah shi jiƙan Malam, shi ba ku haƙuri." Na ce amin. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaron ya iso?"

Na ce bai iso ba. Autanmu yake nufi. Shekaru ke nan Auta bai taka gidan nan ba, kuma tun ranar da ya fita, shi da Baba ba su yi magana ba. An kira shi a waya da safe, ya ce ga shi nan, daga nan ba mu sake jinsa ba. Abin da ke cina a rai ranar, bayan mutuwar kanta, shi ne yaron nan zai ƙare rayuwarsa yana ganin ubansa ya tafi da fushinsa. Duk wanda ya san nauyin wannan ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Baba mai gyaran lagireto ne, wato tankin nan mai ramuka da ke gaban mota, wanda ke sanyaya ruwan inji. Ba ya taɓa birki, ba ya taɓa giya, ko an roƙe shi. Ya ce shi aikinsa zafi ne kawai. Kayan aikinsa ba su da yawa: risho, dalma, wasu siraran ƙarafa da yake zura wa ramukan, da kunnensa. In mota ta tsaya tana huci, direba ya diro zai cafki murfi, sai ka ji Baba daga zaune, "Kai! Hannun naka ya ishe ka ne? Zo ka zauna." Dole ka zauna. Zai sa in zuba maka abinci, ya tambaye ka mutanen gida, ya tambaye ka hanya, sai ya ga dama ya tashi. Ni dai ban taɓa ƙin wannan hali nasa ba, don ciniki yake ja mini.

Masifarsa kuwa a kan abin da direbobi ke ɗura wa lagireto take. In ta fara yoyo a hanya, wannan ya fasa ƙwai ya zuba, wancan ya zuba garin taba, wani barkono. Baba zai buɗe ya sunsuna ya ce, "To, saura gishiri da manja, sai mu kira mutane walima." Direban na dariya, shi ko gezau. Zai kwance ta, ya wanke, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya liƙe da dalma, yana yi yana mita har ya gama.

Amma abin da ya sa sunansa ya tsallaka iyaka shi ne ruwa. Baba bai yarda da ruwan rijiya a cikin inji ba. Ya ce ruwan rijiyoyin nan namu yana barin farin dutse a ciki kamar na gindin buta, a hankali ya toshe hanya. Don haka ruwan sama yake tarawa. A tsakar gidanmu, ƙarƙashin indararon kwano, akwai manyan randuna a jere, an binne su zuwa wuya. Duk haihuwar da Inna ta yi sai ya sayo randa guda, kuma da mu ake kiransu: randar Yaya, wato tawa, har zuwa randar Auta a ƙarshen layi. Yana da doka a kan tarin. Ruwan farko ba a tara shi, sai an bar shi ya wanke kwano. In muka ruga da murna za mu karkata indararo, sai ya ce, "Ku bari na farko ya wuce, kwanon bai wanku ba." Sai ruwa ya zauna sosai yake tacewa da farin ƙyalle ya cika randunan, ya rufe da faifai.

Randunan nan sun sha haɗa shi da Inna. Akwai wata bazara da rijiyar unguwa ta ja baya, mata na kwana a layi, ga ruwa zau a tsakar gida an hana mu. Inna ta ɗauki moɗa ta nufi randata. Baba ya ce, "Ina za ki?" Ta ce, "Zan shayar da 'ya'yanka ne, tunda su ba su da taya." Wallahi sai da ya yi dariya. Ya ɗauki jarkoki ya ɗaura a keke, ya tafi har dam ya ɗebo mana, ya yi ta sawu har ƙafarsa ta kumbura, amma randa dai ba a taɓa ba. Inna ta yi kwanaki ba ta yi masa magana, shi kuma yana ta kawo mata goro.

Ruwan da ya hana mu, kyauta yake ba matafiya. Na ga ranar da wata motar haya ta tsaya da tsakar rana cike da mata da jarirai za su Maraɗi, lagireto ya fashe, direban ya rasa inda zai sa kansa. Baba ya shigar da matan gida wurin Inna, ya bar aikin da ke hannunsa, ya gyara, ya cika ta da ruwan randa, ya ƙara masa jarka guda ya ce, "In ta nema a hanya, wannan za ka ba ta. Kar in ji ka tsaya a rijiya." Irin waɗannan ba su ƙirguwa. Doka ɗaya ce a kai: ruwansa na masu neman abinci ne.

To, sai Auta ya zo da motar nan. Auta tun yana ƙarami a gindin Baba ya tashi, ya iya dalma, ya iya sauraron inji, Baba na ji da shi ko da bai faɗa ba. Da ya zama saurayi ya shiga harkar shigo da motoci ta iyaka, wata rana sai ga shi da wata 'yar ja, gajera, mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Ƙararta ma daban ce. Baba ya ajiye risho ya taso, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wata mota ba. Ya buɗe gabanta ya daɗe yana kallo, idonsa na ƙyalli.

Ya kira ni, ni da ba ruwana da inji, ya ce, "Zo ki ga ikon Allah. Injin da muka saba, fistin ne ke hawa yana sauka, wuta ta ci, iska mai sanyi ta biyo baya a wuri guda, ko ba komai yana samun numfashi. Wannan ba fistin. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, kuma wutar kullum gefe ɗaya take ci. Kin ga tukunyarki in kin tura itace ta ɓangare guda? To haka yake rayuwa. Gefe ɗaya bai taɓa hutawa ba." Ya nuna wa Auta wani ɗan ƙaramin lagireto a ƙasa ya ce wannan na baƙin mai ne, don a irin wannan inji mai ma aikin sanyayawa yake yi. Har ya ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba, cewa yana saurayi wani ɗan jirgin feshin tsuntsaye ya taɓa sauka a wani fili, jama'a na kallon fukafukai, shi kuwa ya tsuguna yana leƙen hancinsa. A nan ya ga an yi wa iska hanyar shiga an kuma yi mata ta fita. Ya ce da kwano zai yi wa motar Auta irin wannan.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Baba ya ji a bakin direbobi cewa Auta ya sayi motar ne don wasa. Bikin abokinsa za a yi a Bugaje, samari za su yi tsere, su yi ta juyi a fili suna tayar da ƙasa, yadda suke yi yanzu. Auta ya zo da jarka ya ce, "Baba, a ba ni ruwa."

Baba ya ce, "Na wasa ne ko na neman abinci?"

Auta ya ce, "Ba randata ba ce?"

Baba ya ce, "Taka ce. Amma ba zan zuba ruwa da hannuna a abin da zai kashe mini kai ba. Ka bar wasan nan, in yi mata aikin da ba a taɓa yi wa mota ba a garin nan."

Auta ya juya da jarkarsa. Ya tafi wurin abokansa, suka yi wa motar abin da ake yi wa kowace mota in ta tsallako iyaka. Akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwa da ake kira tamostat, Baba na ce masa ɗan ƙofa. Mutanenmu sun yi imani na ƙasashen sanyi ne, don haka cire shi ake yi a jefar. Baba ya riga ya gaya wa Auta cewa a wannan motar, in aka cire shi, ruwan zai riƙa zagayawa a cikin inji ne kawai, ba zai bi ta lagireto ba. Suka cire, suka ɗura mata ruwan rijiya, suka tafi biki.

Da la'asar sai ga motar an ɗauro ta a bayan amalanken shanu. An ce tana cikin juyi ta fara hayaƙi fari, suka buɗe ta da zafinta suka kwara mata ruwan sanyi, shi ke nan. Hannun Auta ya saluɓe har gwiwa. Rumfar Baba cike da direbobi, wasu suka fashe da dariya, ja'irai. Ina ganin idon Auta na san za a yi ta. Ya tsaya a gaban Baba, gaban kowa, ya ce, "Ka shayar da motocin duniya, ka hana ɗanka moɗa guda. Kai ka kashe ta."

Baba ya dubi hannun, ya dubi motar, ya ce, "Ɗauki ƙafarka ka bar mini rumfa."

Auta ya bar rumfa, ya bar gida, ya bar ƙasar ma. Ya tsallaka Maraɗi ya kama tuƙi. Washegari da safe Baba ya kwaɓa laka, ya ɗora faifai a bakin randar Auta ya liƙe ta ruf. Ya ja motar bayan rumfa ya lulluɓe da tamfol. Kafin mako ya zagayo labari ya kai wa Auta, don direbobi ba sa riƙe magana: ubanka ya liƙe randarka. Kowa ya fassara abin yadda ya ga dama, kuma duk fassara ɗaya ce, cewa Baba ya cire shi daga cikin 'ya'yansa.

Ina son Baba, amma gaskiya ɗaya ce, taurin kai gare shi kamar me. Na yi faɗa da shi a kan yaron nan har na gaji. Na ce, "Haba Baba, ko waya ku ɗaga mana." Ya ce, "Ya san hanya." Auta kuma jininsa ne. Yakan zo da kaya har shinge, ya kira ni, in kai masa abinci, ya ci yana hangen rufin rumfar daga nesa. In ce, "Tashi mu je, ka durƙusa, ka ba shi haƙuri." Ya ce, "Yaya, an buɗe randar?" In ce a'a. Ya ce, "To." Ya ja motarsa ya koma. Haka muka yi ta yi, ni a tsakiya kamar zan yi hauka.

Ciwon Baba bai daɗe ba. Kwana kaɗan ya yi a kwance, kuma ko a nan bai ambaci Auta a gabana ba. Da ya cika, maza suka shigo za su yi masa wanka, sai Inna ta tsayar da su ta ce akwai wasiyya. Ta ce ya ce a fasa lakar randar Auta, a yi masa wanka da rabin ruwan, rabi a bari. Na ce a raina, wane ruwa kuma, bayan shekarun nan? Aka fasa. Ina tsaye. Ruwa ne cike har wuya, garau, ana hango gindin randar.

Na dubi Inna. Ta kawar da kai.

An kai Baba, an dawo, an yi la'asar, sannan Auta ya iso. An tsare su ne a tsallaken iyaka, layi ya ƙi tafiya, har ya bar motar ya tako da ƙafa. Bai shiga cikin masu zaman makoki ba. Aminin Baba ne ya zo ya ce mini, "Ɗiyata, ga shi can bakin rumfa zaune a ƙasa, ya ƙi tabarma. Ki tai ki taho da shi." Na yafa mayafi na fita. Ya rame, gemu ya fito masa, ga tabon ƙunar nan a hannu. Bai yi kuka ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ya ce, "Yaya, ya ce wani abu a kaina?"

Da zan iya ƙarya da na yi. Na ce, "Ban ji da kunnena ba, Auta. Taso."

Na ja shi har tsakar gida, mata na ta matsawa. Na kai shi ƙarshen layin randuna. Ga ɓaraguzan laka a ƙasa, ga faifai a gefe. Ya tsaya ya ƙi leƙawa. Inna ta taso da kyar ta zo ta tsaya kusa da shi, ta ce, "Duba mana." Ya leƙa. Ya sa hannu ya ɗebo, ya sunsuna, ya ɗanɗana. Ɗan Baba ne, ya san ruwa. Ya ce, "Inna, wannan ai ba tsohon ruwa ba ne."

Inna ta ce, "Na daminar bara ne. Tun da ka tafi, kowace damina in ruwa ya zauna, sai ya fasa lakar bayan asuba, ya kwashe, ya wanke ta, ya cika ta da sabo kafin ya cika ta kowa, ya sake liƙewa. Ya ce kar wani ya taɓa maka. Da rabinsa aka yi masa wanka ɗazu, shi ya ce. Ya ce rabin naka ne."

Ni ce na fara magana, don raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, kin sani, kika bar mu muna ta wahala?" Ta ce, "Ya hana ni faɗa. Ya ce so yake yaron ya dawo don kansa, ba don an ce masa an ajiye masa abu ba. Na bi maganarsa, kuma ga inda ta kai mu." Ta share ido ta ce wa Auta, "Je ka ɗaga tamfol ɗin can ma."

Muka bi shi bayan rumfa. Ya yaye. Motar na nan, ƙura ta rufe jan, tayoyi sun zauna. Ya buɗe gabanta. Wani sabon lagireto ne a ciki, babba, ɗinkin dalmar Baba a jikinsa layi-layi. An lanƙwasa kwano an yi wa iska hanya daga hanci, an yi mata mafita ta ƙasa. Ga ɗan ƙofar nan sabo, an ɗaure shi da waya a jikin murfi inda ba yadda za a yi a buɗe ba a gan shi ba. Injin kansa ya mutu tun ranar bikin, kuma Baba ya fi kowa sanin haka.

A nan Auta ya durƙusa ya kifa goshi a jikin motar yana cewa, "Baba, ka yafe mini, Baba," da wata irin murya da ban taɓa ji a bakin namiji ba. Ba wanda ya hana shi. Aminin Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya dafa shi ya ce, "Tashi, ɗana. Mutumin da bai yahe ba ba ya shiga kabari da ruwanka a jikinshi." Auta ya tashi ya koma gindin randar, ya ɗebi moɗa guda ya yi alwala, ya mayar da faifai, suka tafi maƙabarta shi da aminin Baba.

Auta bai koma Maraɗi ba. Ya buɗe rumfar bayan an share makoki, kuma na ji shi da kunnena yana yi wa wani direba tsawa a kan murfi. Ranar da hadarin farko ya haɗo, ina gidan ina taya Inna aiki. Ruwa ya sauko, na tuna randuna sun yi ƙasa, na ruga zan karkata indararo. Sai na ji muryar Auta daga zaure, "Yaya, bari na farko ya wuce, kwanon bai wanku ba."

Na saki indararon. Na tsaya a cikin ruwan ina kuka, Inna na kirana in shigo.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sanyaya masa makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa bayin Allah hanya, Ya shayar da shi daga tafkin Manzo. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.